Wace Magarya ake nufi? Garuruwa masu suna ɗaya da ruɗanin da suke kawowa

Idan aka ce "an yi abu a Magarya", kafin hankali ya tashi a fara tambaya: wace Magarya? Tamu ta jihar Damagaram ba ita kaɗai ke da wannan suna ba. Akwai wata Magarya a ƙaramar hukumar Zurmi ta jihar Zamfara a Najeriya, garin su Nasiru Mu'azu Magarya, wanda ya shugabanci majalisar dokokin jihar daga 2019 zuwa 2023. Yankin Zurmi ya daɗe yana fama da ƴan bindiga. To, ɗan uwanmu da ke Legas ko Libiya in ya ga labarin hari a WhatsApp da sunan Magarya, sai ya kwana yana neman waya, alhali mutanen gidansu lafiya lau suke.

Irin wannan ba a nan kaɗai take ba. Muna da Tibirin Gobir a jihar Maraɗi, da wata Tibiri a jihar Dosso. Akwai Illela ta jihar Tawa, akwai Illela ta jihar Sakkwato. Gaya ma biyu ce, ɗaya a Dosso, ɗaya a jihar Kano. Ko nan kusa da mu, Dogo-Dogo tana cikin gundumar Dungas, Dogo kuma tana cikin gundumar Mirriya. Kalma ɗaya ta faɗi a hanya, saƙo ya tafi wani wuri.

Me ya kawo haka? Yadda kakanninmu suke raɗa wa gari suna ne. Sau da yawa itacen da aka tarar a wurin shi ke ba da suna: magarya, kuka, tsamiya, gawo. Duk inda itacen ya tsiro, sunan zai iya tsirowa. Wani lokaci kuma sunan wanda ya sari wurin ake ɗauka, a ce Garin wane, Gidan wane, ko Unguwar Malam. Malamai kuwa ba su ƙarewa, haka ma masu suna iri ɗaya. Sannan akwai ƙaura: mutane su tashi neman gona ko ruwa, su tafi da sunan garinsu, ko su ce da sabon wurin Sabon Gari. A da babu damuwa, domin kowa ya san ƙauyukan da ke zagaye da shi. Yanzu da waya da tafiye-tafiye suka haɗa nesa da kusa ne abin ya fito fili.

Rubutu ma ya ƙara nasa. A takardun hukuma irin na Faransanci ana rubuta Magaria, Angoual, Guidan, mu kuma mu rubuta Magarya, Unguwar, Gidan. Ga kuma sauyin da aka yi a 2011, lokacin da aka cire Dungas daga Magarya ta zama gunduma mai cin gashin kanta, tare da Dogo-Dogo, Guci da Malawa. Wanda aka yi wa takardar haihuwa kafin nan, zai iya ganin Magarya a jikinta, alhali yau ƙauyensu a ƙarƙashin Dungas yake.

Abin ba na wasa ba ne. Sanarwar rasuwa in ba ta cika ba, sai wani gida ya shiga kuka ba dalili, gidan da ya kamata su ji kuma ba su ji ba. Direba zai iya sauke buhun hatsi a garin da ba shi ba. Wajen neman takardu ma, kuskuren suna yana sa mutum ya yi ta kai da komowa yana ƙona kuɗin mota.

Maganin yana hannunmu. Duk mai aiko mana da saƙo, ko mai tura kaya gida, ya faɗi abu uku: sunan ƙauye, komin ɗin da yake ciki, da gunduma. A gundumar Magarya, a bayyana ko Bande ce, ko Waca, Kwaya, Yekuwa, Sasumburum, Ɗancawo, ko Magarya cikin gari. In an ƙara da sunan maigari ko kasuwar da ake ci kusa, ya fi. Mu ma a nan gidan rediyo, haka za mu riƙa karanto sanarwa.

Ku kuma da ke waje, in labari ya zo muku da sunan garinku, ku kira gida ku tabbatar kafin ku tura wa wani. Hausawa sun ce mai tambaya ba ya ɓata. Allah Ya kiyaye mana garuruwanmu, da ma masu sunansu duk inda suke.