CIWON DAMUWA: Raunin da Ba Ya Zubar da Jini a Batsari da Safana

Duk wanda ya san yammacin Jihar Katsina ya san cewa ƙasashen Batsari da Safana, da suke bakin dajin Rugu, sun daɗe suna fama da 'yan bindiga. A watan Fabrairu na 2020 an kashe mutane wajen 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari a dare guda. An ƙidaya gawawwaki, an ƙidaya shanun da aka kora, amma akwai wata hasara da ba ta shiga lissafi, wato halin da waɗanda suka tsira suke shiga bayan ƙura ta lafa.

Sau da yawa akan ga magidanci ya daina zuwa gona ko majalisa, barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ransa, har ya fara cewa mutuwa ta fi masa. Jama'a kan ce raunin imani ne, ko kuwa iska ce ta taɓa shi. Likitoci kuwa suna kiran wannan ciwon damuwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutane miliyan 280 ne suke ɗauke da shi, sa'an nan fiye da mutum 700,000 suke halaka kansu kowace shekara.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana aiki ne da ƙwayoyin jijiya masu aika wa juna saƙo ta hanyar wasu sinadarai, kamar su serotonin da noradrenalin da dopamin. A 1965 wani likitan Amurka, Joseph Schildkraut, ya kawo ra'ayin cewa ƙarancin noradrenalin yana da hannu a ciwon damuwa. A 1976 kuma Marie Åsberg ta Cibiyar Karolinska a Suwidin ta auna ruwan lakar majinyata, ta tarar cewa waɗanda burbushin serotonin ya yi ƙaranci a jikinsu sun fi sauran yunƙurin kashe kansu.

Sai dai maganar ba ta tsaya nan ba. A 2022 Farfesa Joanna Moncrieff da abokan aikinta a Landan sun tattara binciken shekaru da dama, suka ce babu tabbatacciyar hujja cewa ƙarancin serotonin ne tushen ciwon. Wasu masana sun ja da su, amma galibi an yarda cewa abu ne mai rassa da yawa: gado, da wahalar ƙuruciya, da talauci, da firgici.

A nan ne batun ya shafi Batsari da Safana kai tsaye. Idan mutum ya firgita, jikinsa yakan saki sinadarin kotisol domin ya shirya gudu ko kare kai, kuma da hatsari ya wuce sai ƙwaƙwalwa ta ja masa linzami. To, wanda yake kwana da kunne a buɗe shekara da shekaru, yana sauraron ƙarar babura, linzamin nan yakan saki. Kotisol ya yi ta kwarara, barci ya lalace, kuma an sha ganin sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tuna abubuwa ya ɗan tsuke ga masu ciwon da ya daɗe. A 2009 masanan Jami'ar McGill ta Kanada sun duba ƙwaƙwalwar mutanen da suka kashe kansu, suka ga cewa waɗanda aka azabtar tun suna yara, wannan linzami nasu ya raunana. Wannan abin lura ne ga yaran da suka tashi a gudun hijira.

Abin farin ciki shi ne ciwon yana da magani. Akwai ƙwayoyi irin su amitriptyline da fluoxetine, waɗanda sukan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga amfaninsu, saboda haka kuskure ne majinyaci ya yar da su don bai ji sauƙi a kwana uku ba. Akwai kuma magani ta hanyar tattaunawa da ƙwararre. Addu'a da zuwa asibiti ba kishiyoyi ba ne.

Matsalar ita ce nisa da ƙarancin ma'aikata. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa suna Kware ta Sakkwato, da Barnawa ta Kaduna, da Dawanau ta Kano, alhali mutumin Ruma ko Runka kuɗin motar zuwa Katsina ma aiki ne a gare shi. Tun 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya nuna a Aro, kusa da Abeokuta, cewa ana iya jinyar irin waɗannan majinyata a cikin ƙauye tare da danginsu. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Saura aiki da ita, musamman horar da malaman asibitin karkara su gane ciwon su kuma yi maganinsa.

Kafin nan, nauyi yana kan malaman makaranta da ma'aikatan ƙananan hukumomi da ɗalibai masu komawa gida hutu. Wanda aka ji yana ambaton kashe kansa, kada a yi masa dariya ko tsawa. A zauna a saurare shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da makami daga kusa da shi, a kai shi asibiti a ranar. Tambayarsa abin da yake nufi ba ta sa masa tunanin a zuciya. Sau da yawa ita ce take buɗe ƙofar ceto.