Sabbin Unguwannin Bayan Gari: Shin Mun San Maƙwabtanmu Kuwa?

Duk wadda ta daɗe ba ta je Anka ko Gummi ko Bukkuyum ba, idan ta je yau abin da zai fara ba ta mamaki shi ne bayan gari. Wuraren da muka sani muna yara gonakin gero ne da dawa, yanzu an yanka su fegi-fegi, ga gidan bulo, ga na ƙasa, ga kangon da aka rufe da leda da buhu mutane na kwana a ciki. A irin wannan unguwa nake zaune, a nan kuma nake koyarwa a makarantar Islamiyya, shi ya sa na ga ya dace mu tattauna a kan mutanen da suka cika waɗannan unguwanni, da kuma haƙƙin da ya rataya a wuyanmu game da su.

Daga ina jama'ar suka fito?

Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1996, masu fita bayan gari su yi gini yawanci ma'aikata ne da 'yan kasuwa da samarin da gidan gado ya yi wa kaɗan. Daga baya ne lamarin ya canza. A 2010 gubar dalma ta ɓulla a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum, sanadiyyar daka dutsen zinariya a cikin gidaje, inda aka rasa yara sama da 400. Ba a gama jimamin wannan ba sai ga masifar 'yan bindiga, wadda ta tashi ƙauyuka da dama. A Anka har ginin sabuwar fadar sarki da ba a kammala ba sai da ya zama matsugunin iyalai. A watan Janairun 2022 aka kai hare-hare a ƙauyukan Anka da Bukkuyum waɗanda rahotanni suka ce sun ci rayuka kimanin 200, dubbai kuma suka bar gidajensu. A Gummi kuwa, ambaliyar watan Agustan 2024 ta rushe gidaje masu yawa, ta ƙara yawan masu neman wurin fakewa.

Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar Anka na da mutum sama da 140,000, Gummi da Bukkuyum kuwa kowacce ta haura 200,000. Tun daga nan ba a sake ƙidaya ba, wadda aka shirya yi a 2023 ma ɗage ta aka yi. Ke nan yarinyar da aka haifa bayan waccan ƙidaya, yau tana iya zama uwa mai goyo, alhali ita da abin goyonta babu wanda ya lissafa da su. Rijiyar burtsatsen da aka haƙa don gidaje kaɗan ita ce unguwa guda ke layi a kanta tun asuba.

Abin da ya buɗe mini ido

Wata rana ina cikin darasi na lura da wata yarinya tsaye a bakin taga da farantin gyaɗa a kanta, tana bin karatunmu a hankali. Kwana uku a jere tana zuwa. Da na kira ta na ce ta karanta, sai ga shi ta fi rabin ɗalibaina gyara baƙi. Ashe a ƙauyensu ta yi nisa a allo kafin a tashe su. Na ce ta kai ni wurin mahaifiyarta. Wallahi kunya ta kama ni, domin kuwa kangon da suke ciki katanga biyu ce tsakaninsa da gidana, kuma sun fi shekara a wurin ban taɓa yin sallama ba.

Da na tambayi uwar dalilin da ya sa ba ta sa ta a makaranta ba, sai ta ce, "Malama, mu da muke baƙi, wa zai karɓe mu? Ga kuɗin wata, ga hijabi, kuma abin da ta sayar shi muke ci." Babu wanda ya taɓa korar ta, amma kuma babu wanda ya taɓa ce mata bismillah. A nan na gane cewa babbar matsalar sabuwar unguwa ita ce rashin sanin juna. A cikin gari kowa ya san kakar kowa, idan haihuwa ta zo da dare an san ƙofar da za a buga. A bayan gari kuwa mace na iya kwana tana naƙuda, ko ɗanta na amai da gudawa, maƙwabciyarta ba ta da labari.

Me uwargida za ta iya yi?

Hanya da asibiti da tsaro aikin hukuma ne, kuma ya kamata mazajenmu su ci gaba da kai kuka ta hannun mai unguwa da hakimi. Amma akwai aikin da mace ce kawai za ta iya, saboda ita ce ke shiga har ɗaka.

Na farko, mu yi tamu ƙidayar. Mu a layinmu littafi muka saya, muka bi gida-gida da izinin mazajenmu, muka rubuta yara nawa ne, wa ke zuwa makaranta, wa aka yi wa rigakafi, wace ce mai juna biyu, wace ce mijinta ya rasu. Da wannan littafi muka je wurin shugaban makaranta aka yafe wa marayu kuɗin wata.

Na biyu, mu sa su cikin harkokinmu: adashi, suna, biki, ta'aziyya da karatun matan aure. Da yawansu gwanaye ne wajen yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da daddawa da kiwo, jari kaɗan suke buƙata su daina tura 'ya'ya mata talla har dare.

Na uku, mu kiyaye harshenmu. Kada mu bari 'ya'yanmu su mayar da kalmar "ɗan gudun hijira" abin gori a wurin wasa. Mu tuna musu cewa Muhajirai ma barin gidajensu suka yi a Makka, kuma Ansar sun sami darajarsu ne da irin tarbar da suka yi musu a Madina. Malamai sun karantar da mu cewa maƙwabci Musulmi haƙƙi biyu yake da shi a kanmu, na Musulunci da na maƙwabtaka, ba a kuma ce sai ɗan asalin gari ba.

Yarinyar nan mai gyaɗa yanzu tana ajina, ita ke jan ƙannenta karatu idan na fita. 'Yar uwa, ki duba kangon da ke kusa da ke, ki aika da kwanon tuwo yau, gobe ki bi kwanon da kanki. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu, Ya mayar da kowa gidansa cikin aminci. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.