Gaya: abin da ke sa ƙwai ya ƙi ƙyanƙyashewa a injin gida

A Gaya da ƙauyukan da ke kewaye da ita, da wuya a shiga gidan da babu akurki. Kaza ce kuɗin magani idan yaro ya kwanta, ita ce kuɗin littafi idan lakwal ta buɗe. Sai dai kazar gida ba ta da sauri. Ta yi ƙwai goma sha wani abu, ta kwanta a kai mako uku, sannan ta shafe wata biyu ko fiye tana jan ƴan tsaki kafin ta koma saka. Wannan jinkiri ne ya sa matasa da matan aure suka fara waiwayar injin ƙyanƙyasa, wasu na kanti da ake shigowa da su, wasu kuma waɗanda masu gyara ke haɗawa da tsohon firigo, ƙwan lantarki da ƙaramar fanka. Da yawa daga cikinsu, zubin farko ɓaragurbi suke kwasa. Sau da yawa kuma laifin ba na injin ba ne.

Matsala ta farko tana farawa tun a kasuwa. Gaya gari ne na iyaka: Malanville na tsallaken kogin Isa, Kamba ta jihar Kebbi kuma tana nan kusa, don haka ƙwan gona a kiret-kiret ba baƙo ba ne a wurin masu shayi da masu kanti. Wannan ƙwai na ci ne kawai. Kajin da ke saka shi a keji suke, ba su taɓa haɗuwa da zakara ba, ko shekara ya yi a cikin inji ba abin da zai fito. Ƙwan da ake nema shi ne na kajin da zakara ke barbara, zakara ɗaya ga kaji takwas zuwa goma. A zaɓi matsakaici, mai lafiyayyen ɓawo, wanda bai tsage ba. Kuma kada a wanke shi, domin akwai wani siririn rufi a jikin ɓawon da ke hana ƙwayoyin cuta shiga, ruwa yana tafiya da shi. Idan akwai ɗan kashi a jiki, a kankare da busasshen ƙyalle.

Sai ajiya. Ƙwai mai zakara ba ya son wuce kwana 7 kafin a zuba shi, daga nan kowace rana ƙarfinsa raguwa yake. A garin zafi irin Gaya akwai ƙarin haɗari: idan ɗaki ya ɗumama sosai, ɗan tayin da ke ciki yakan fara motsi tun ba a sa shi a inji ba, ya yi ta tsayawa yana tashi har ya mutu. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce ta randa. A zuba jiƙaƙƙen yashi a kewayen tukunyar ƙasa a inuwa, a jera ƙwan a ciki, tsinin yana kallon ƙasa, ba tare da ruwa ya taɓa shi ba. Firigo mai aiki kuwa sanyinsa ya yi yawa.

Abin da inji ke yi kwaikwayon kaza ne kurum, kuma ba sabon abu ba ne. Mutanen Masar sun fi shekara dubu biyu suna ƙyanƙyasar ƙwai a ɗakunan laka da ake hura wa wuta, suna auna zafin ƙwai ta hanyar ɗora shi a fatar ido. A Faransa, masanin kimiyya Réaumur ya wallafa littafi a kan wannan aiki tun 1749. Lissafin bai canja ba har yau: kwana 21 ga ƙwan kaza, zafi tsakanin digiri 37,5 da 37,8, danshi daidai gwargwado, iska mai shiga da fita, da juyi.

A nan ne yanayin Gaya ke da nasa hukunci. Yawancin masu inji tsoron sanyi suke yi, alhali zafi ya fi saurin kisa. Ƙwan da ya huce na awa biyu ko uku yakan tsira, iyaka ya makara wajen fitowa, domin ita ma kazar tana tashi ta je kiwo ta dawo. Amma idan zafin ciki ya haura digiri 40 ya daɗe a haka, an yi asara. Ƙananan injuna kuwa ɗumamawa kaɗai suka sani, ba sa sanyayawa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin rana ke wuce digiri 40 a inuwa, injin da aka ajiye a ɗakin kwano zai nuna lambar da ta fi wadda aka saita masa, kuma babu abin da zai iya yi a kai. Ɗakin laka mai kauri, nesa da taga, shi ne wurinsa. Wanda ba shi da irin wannan ɗaki gara ya jira damina ta sauka.

Danshi ma haka yake bin lokaci. Ƙa'ida ita ce kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari a kwana 18 na farko, a ɗaga zuwa 65 ko 70 a kwana ukun ƙarshe. Gaya tana cikin yankin da ya fi samun ruwan sama a Nijar, ga kogi a gefe, don haka a watan Agusta iskar kanta jiƙe take, mai cika tiren ruwa yadda takardar inji ta ce yana iya nutsar da ƴan tsakinsa a cikin ɓawo. Da hunturu kuma abin ya juye: iska bushe take ƙamas, fatar cikin ƙwai ta ƙanƙame ɗan tsako, ya huda ɓawo ya kasa fita. Takardar da ta zo da inji ba a Dendi aka rubuta ta ba. Abin da ya fi ta gaskiya shi ne ƙwan da kansa, idan an haska shi.

Haskawa ba ta buƙatar komai sai tocila da ɗaki mai duhu. A rana ta 7, ƙwai mai rai yana nuna jajayen jijiyoyi kamar saƙar gizo da ɗigon baƙi a tsakiya. Wanda ya fito tas babu zakara a cikinsa, wanda ya nuna jan zobe kuma ya fara ya mutu. Duka biyun a fitar, kada su ruɓe su fashe a kan sauran. A sake dubawa a rana ta 14 da ta 18, a lura da gurbin iska da ke gefen mai faɗi. Ya kamata ya riƙa girma a hankali. Idan ya tsaya ƙarami, danshi ya yi yawa. Idan ya cinye wuri da wuri, a ƙara ruwa.

Juyi kuwa aikin haƙuri ne ga wanda injinsa ba ya juyawa da kansa: sau uku ko biyar a yini, da alamar fensir a gefe biyu don kada a rikice. Ranar 18 a daina, a rufe ƙofa, a cire hannu. Yara za su so leƙawa idan sun ji kuka daga ciki, manya ma haka, amma kowace buɗewa tana fitar da danshin da ɗan tsako ke buƙata. Daga hudar farko zuwa fitowa yana iya kai yini guda. Ɓare masa ɓawo don tausayi yakan tsinka jijiya ya zubar da jini.

Sannan wuta. Kowa ya tuna watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Ko ba wannan ba, ɗaukewar wutar Nigelec a lokacin zafi ba labari ba ne. Mai sayen inji ya sa kuɗin batir da faifan sola a cikin lissafinsa tun farko, ya nemi wanda ke aiki da volt 12. Idan wuta ta ɗauke ba shiri, kada a buɗe. A lulluɓe da bargo a bar kafar iska, in dare ne mai sanyi a sa gorar ruwan ɗumi a ciki.

Ga mai kaji biyar ko shida, gaskiya kaza mai kwanci ta fi kowane inji. Ba ta neman wuta, ba ta manta juyi, tana ɗaukar ƙwai 10 zuwa 12, kuma ita za ta yi reno. Matan karkara sun daɗe suna sa mata ƙwan zabi da damina, ta ƙyanƙyashe a kwana 26 zuwa 28, tun da zabuwa ba ta iya riƙon ƴaƴa. Inji yana biyan kuɗinsa ne ga wanda ke iya tara ƙwai hamsin ko ɗari masu zakara a cikin mako guda, ko ƙungiyar mata da za ta haɗa nata.

Kuma fitowar ƴan tsaki rabin aiki ne. Na inji ba su da uwa. Suna iya yini ɗaya ba ci saboda gwaiduwar da suka shanye kafin fitowa, amma suna buƙatar ɗumi kusan digiri 33 zuwa 35 a makon farko, da ruwa a mazubi marar zurfi, da rufin da zai kare su daga shirwa da ɓera. Cutar Newcastle, wadda ke share akurki da hunturu, tana da rigakafi mai araha a ofishin ma'aikatar kiwo da wurin likitocin dabbobi. Murar tsuntsaye kuwa, da ta fara ɓulla a Nijar a 2006, a Magaria ta bayyana, garin iyaka kamar Gaya. Duk zakaran da aka sayo daga Kamba ko Malanville don gyaran iri, a ware shi mako biyu a wani akurki kafin ya shiga cikin sauran.