Yadda Ake Lissafin Hayaƙin Babur Daga Masana'anta Zuwa Bola

Hayaƙin da ke fita daga salansar babur wani ɓangare ne kawai na iskar da yake jawowa mai ɗumama duniya. Cikakken lissafi yana farawa tun daga haƙo ƙarfe da ƙera babur, ya bi ta jigilarsa zuwa tashar jiragen ruwa ta Lome a ƙasar Togo, da shekarun aikinsa, har ranar da ya zama kayan bola.

A unguwar Adidogome ta Lome, inda 'yan zemijan, wato 'yan acaɓa, ke cika hanyar Kpalime, babur mai fetur yana fitar da mafi yawan hayaƙinsa a kan titi: kowace lita da aka ƙona tana sakin kusan kilo 2.3 na iskar kabon, ban da na haƙo ɗanyen mai da tace shi. Baburan lantarki irin na kamfanin Spiro ba su da salansa, amma ƙera batirinsu yana cin makamashi sosai, sauran hayaƙinsu kuma ya dogara ga wutar da aka yi caji da ita. Nan ne lissafin ke da wuya, domin wutar Togo gauraye take: akwai ta gas daga tashar Kekeli, da ta dam ɗin Nangbeto, da ta hasken rana daga Blitta da aka buɗe a 2021, ga kuma wadda ake sayowa daga Gana da Najeriya.

Shi ya sa masana ke amfani da manhajoji irin su LEAP wajen gwada hasashe daban-daban. Suna sauya yawan babura, da tsawon rayuwar batir, da kason wutar rana, su ga yadda jimillar hayaƙin za ta kasance nan da 2050.