Kajin Gida da Zaɓen Ƙwai a Jere

Duk wanda ya san gidajen Jere, a ƙasar Kagarko, ya san cewa kazar Hausa, wadda ke yini tana tono a bayan ɗaki ta kwana a akurki, ita ce asusun uwargida, domin ko da yake ƙwanta bai cika wuce 60 a shekara ba, tana kwanci ta ƙyanƙyashe cikin kwana 21, alhali kajin gidan gona irin Shika Brown, waɗanda cibiyar NAPRI ta Shika ta samar, suna zuba fiye da 200 amma ba safai suke kwanci ba. Babbar musibar kazar Hausa ita ce annobar Niyukasil, wadda kan share kajin gari da hunturu, kuma abin takaici ne matuƙa a yi hasara alhali ana sarrafa rigakafinta a Vom.

Wajen sayen ƙwai kuwa, mai saye ya sani launin ɓawo ba hujja ba ne cewa ƙwan sabo ne. Sai ya tsoma ƙwan a ruwa: sabo yakan nitse ya kwanta, wanda ya daɗe kuwa yakan taso, saboda iskar da ke cikinsa ta ƙaru. Mai tsagewa a ƙyale shi, ko da an yi rangwame.