TSARE YARA DAGA MIYAGUN MUTANEN DA KE SHIGOWA TA WAYA

A jawaban da suka wuce mun yi magana a kan sauro, da ruwan sha, da allurar rigakafin yara. Yau kuwa za mu yi magana a kan wata masifa wadda ba ta zuwa da zazzaɓi ko tari, amma ta kan lalata lafiyar yaro da hankalinsa. Watau miyagun mutane masu farautar yara ta cikin waya.

Kai maigida, kowane dare ka kan rufe ƙofar zaure, ka sa sakata, domin kada baƙo ya shigo maka gida ba sallama. To, ka sani wayar da ke hannun ɗanka ko 'yarka ita ma ƙofa ce. Tun shekarar 2001 da wayar salula ta shigo ƙasar nan ta ke yaɗuwa, har ya zama yau daga Kawo zuwa Unguwar Rimi, daga Rigasa zuwa Malali, da ƙauyukan da ke kan hanyar Zariya, da wuya ka shiga gidan da babu ita. Ta Facebook, da WhatsApp, da TikTok, da Instagram, mutumin da ba ka taɓa ganinsa ba yana iya hira da 'yarka da tsakar dare, kai kuwa kana barci a ɗakinka.

YADDA MUGUN KE SHIGA

Kamar yadda kowace cuta ta ke da hanyar shiga jiki, haka wannan. Mugun ya kan bi mataki mataki, ba ya gaggawa.

Da fari ya kan ɓoye kamanninsa. Ƙaton mutum mai shekara 40 sai ya sa hoton saurayi, ko na budurwa, ya ce shi ɗan makaranta ne. Wani ya ce shi mai shirya fim ne yana neman sababbin 'yan wasa, wani ya ce zai samo wa yaro aiki ko gurbin karatu. Kura ce da fatar akuya.

Na biyu, sai ya jawo yaron a jiki. Ya yabi kyaunsa, ya saurari kukansa in an yi masa faɗa a gida, ya ce, "Ni kaɗai na san darajarki." Sa'an nan kyauta ta biyo baya: katin waya, ko data, ko 'yan kuɗi.

Na uku, sai ya ce a bar dandalin da kowa ke gani a koma hira su biyu, ya kuma ce kada a gaya wa Mama ko Baba. Wannan ita ce babbar alama. Duk babban da ya ce wa yaro ya ɓoye abotarsu ga iyayensa, lalle ba alheri ya ke nufi ba.

Na huɗu, sai ya nemi hoto. Da fari na fuska, daga baya na tsiraici. Da hoton ya shiga hannunsa sai murya ta sake. Ya ce in ba a ba shi kuɗi ba, ko ƙarin hoto, ko in yarinya ba ta zo inda ya ke ba, zai aika wa iyayenta da 'yan ajinsu da dukan unguwa. Yaro kuwa saboda kunya da tsoron duka sai ya yi shiru, ya yi ta biyayya.

Kada kuma ku ɗauka mugun kullum baƙo ne na nesa. Sau da yawa wanda a ka sani ne: maƙwabci, ko mai shagon caji, ko wani na cikin dangi wanda ya karɓi lambar yarinya.

ABIN DA YA RIGA YA FARU

A shekarar 2012 wata ɗaliba 'yar shekara ashirin da 'yan kai ta saba da waɗansu samari ta Facebook. Suka yaudare ta da maganar ciniki, ta tashi daga Abuja zuwa Legas, suka kashe ta a ɗakin otal. A 2017 kotu ta yanke wa biyu daga cikinsu hukuncin kisa. In an iya yaudarar babbar mace mai ilmi haka, ina ga 'yar shekara 13?

'Ya'ya maza ma ba su tsira ba. A shekarar 2022, a jihar Mishigan ta Amurka, wani yaro ɗan shekara 17 ya kashe kansa bayan an yaudare shi da hoton budurwa a Instagram, an karɓi hotonsa, an matsa masa da neman kuɗi. Waɗanda suka yi wannan aiki wa da ƙane ne daga Legas. Aka kama su, aka kai su Amurka, a 2024 aka ɗaure kowannensu shekara 17 da wata 6. A wannan shekara ta 2024 kuma kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya ce ya rufe shafuka kusan 63,000 na Instagram a Nijeriya saboda irin wannan zamba. Ashe masu wannan sana'a suna nan tare da mu cikin ƙasa ɗaya.

ALAMUN DA ZA KU LURA DA SU

Ke uwargida, ke ce kin fi kowa sanin halin ɗanki. Ki sa ido a kan waɗannan:

1. Yaro ya riƙa kife waya, ko ya ɓoye ta, da zarar kin shigo ɗaki.
2. Kwana a kan waya, da gyangyaɗi a makaranta ko a Islamiyya.
3. Sabuwar waya, ko kuɗi, ko turare, ba ki san inda suka fito ba. Ko kuwa kuɗinki su riƙa ɓacewa.
4. Yaro mai fara'a ya koma shiru, ya bar cin abinci, ya rame, ya riƙa firgita in waya ta yi ƙara.
5. Ciwon kai ko ciwon ciki wanda a ka kawo shi asibiti a ka duba ba a ga kome ba.

Alama ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba. Amma in biyu ko uku sun haɗu, to, a zauna da yaro a yi magana cikin natsuwa.

RIGAKAFI

Rigakafi ya fi magani, icce kuwa tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

1. Facebook, da Instagram, da TikTok, su da kansu sun ce ba su yarda da yaron da bai kai shekara 13 ba. Kada ku ƙara wa yaro shekaru don a buɗe masa shafi. Ƙasar Ostareliya ma a 2024 ta yi doka ta ɗaga shekarun zuwa 16.
2. Waya ta kwana a ɗakin iyaye. A yi cajinta a can.
3. Iyaye su san lambar sirrin wayar yaro, su kuma gaya masa a fili cewa za su riƙa dubawa. In ba ku iya karatun boko ba, ku sa yayansa ko ƙanwar uwarsa wadda kuka amince da ita ta duba tare da ku.
4. A gyara shafin yaro yadda sai waɗanda ya sani ido da ido za su ga hotunansa, ko su aiko masa saƙo.
5. A koya wa yaro kada ya faɗi sunan makarantarsa, ko unguwarsu, ko ya sa hoto da kayan makaranta.
6. A koya masa cewa hoton da ya fita daga waya kamar magana ce, in ta fita ba ta komawa.
7. Kada ya tafi ganin wanda ya sani ta waya kaɗai, ko da rana tsaka ne.

Mafi girma duka, ka ce wa ɗanka, "Kome ya faru, ka zo ka gaya mini, ba zan doke ka ba." Ka kuma cika alkawarin. Tsoron bulalarka shi ne makamin mugun. In yaro ya san zai iya zuwa wurinka, ka karye makamin.

IN ABIN YA RIGA YA AUKU

Kada a zagi yaro, kada a doke shi. Shi a ka cuta, laifin na babban ne. A daren nan kada a bar shi shi kaɗai, gama baƙin ciki da kunya su kan sa yaro ya cuci kansa.

Kada a biya kuɗi. Wanda a ka biya yau gobe zai dawo. A daina ba shi amsa, amma kada a goge saƙonninsa, da lambarsa, da lambar asusun bankin da ya aiko, domin su ne shaida. Hoton tsiraicin yaro kuwa kada a aika wa kowa, ko da don neman shawara ne. A kai ƙarar shafin ga kamfanin, a toshe shi. Akwai kuma wata hanya ta kyauta a intanet mai suna Take It Down, wadda ke taimakon 'yan ƙasa da shekara 18 a cire irin waɗannan hotuna daga shafukan da suka shiga tsarin.

In har mutumin ya sadu da yaro ya taɓa shi, to, a kawo shi asibiti nan da nan, kafin wanka, tare da tufafin da ke jikinsa. Maganin da ke hana kamuwa da ƙanjamau tilas a fara shi cikin awa 72, watau kwana 3. Na hana ɗaukar ciki kuwa cikin kwana 5, amma gwamma da wuri. A nan Kaduna akwai Cibiyar Salama a asibitin Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada, an kafa ta musamman domin waɗanda a ka yi wa fyaɗe. Akwai irinta a Kakuri, da Zariya, da Kafanchan. In kuna nesa, ku fara zuwa asibitin da ya fi kusa, ma'aikata za su nuna muku hanya.

Sa'an nan a kai ƙara wurin 'yan sanda, ko hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane. Doka tana bayanku. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta haramta yaudarar yaro ta waya don lalata, ta kuma haramta ajiye hoton tsiraicinsa ko yaɗa shi. Jihar Kaduna ta yi dokar kare yara a 2018. A 2020 kuma ta gyara dokar fyaɗe, ta sa dandaƙa da kisa ga wanda kotu ta samu da laifin yi wa yaron da bai kai shekara 14 ba.

Waɗansu iyaye su kan ce a rufa asiri don kada yarinya ta rasa mijin aure. Ku tuna ma'aikatan lafiya ba su da izinin fallasa sirrin majiyyaci. Mugun da a ka rufa wa asiri kuwa, gidan maƙwabcinka zai nufa.

Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa wanda bai iya ba. Limamai, da fastoci, da masu unguwa, da malaman makaranta, muna roƙonku ku isar da wannan magana ga jama'arku. Allah ya tsare mana zuriya, ya ba mu lafiya da zama lafiya. Amin.