Shiryayyar Mutuwa a Jikin Mai Rai: Waiwaye a Kan Ayyukan Robert Horvitz

1.0 Gabatarwa

Ƙwayoyin halitta su ne 'yan mitsi-mitsin tubalan da aka gina jikin mai rai da su. Akasari akan ɗauka cuta ko rauni ne kaɗai ke kashe su. Wannan maƙala za ta bi sawun masanin da ya nuna cewa wata mutuwar shiryayya ce, kuma umarninta na cikin ƙwayoyin gado.

2.0 Karatunsa da Aikinsa

An haifi Robert Horvitz a birnin Shikago na Amurka a 1947. Lissafi da tattalin arziki ya fara karantawa a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, sannan ya koma ilimin halittu a Jami'ar Harvard, inda ya sami digirin digirgir a 1974. Daga nan ya tafi Kambirij ta Ingila, ya yi aiki da Sydney Brenner da John Sulston. A 1978 ya dawo cibiyar da ta yaye shi a matsayin malami.

3.0 Tsutsa da Ƙidaya

Abin nazarin nasu wata tsutsa ce mai suna *Caenorhabditis elegans*, wadda tsawonta kimanin milimita ɗaya ne, jikinta kuwa garai yake, ana hango cikinsa da madubin ƙara girma. Ƙidaya ta nuna cewa ƙwayoyi 1,090 ke samuwa yayin girmanta, 131 su mutu, 959 su saura. Abin lura shi ne, a kowace tsutsa ƙwayoyin nan dai su ne ke mutuwa.

A 1986 Horvitz da ɗalibarsa Hilary Ellis suka nuna cewa idan ƙwayar gado *ced-3* ko *ced-4* ta lalace, waɗanda ya kamata su mutu sai su rayu. A 1992 ɗakin bincikensa ya bayyana aikin *ced-9*, mai hana mutuwar. Daga baya aka tarar ɗan Adam na da takwarorinsu.

4.0 Naɗewa

Irin wannan mutuwa ce ke raba yatsun ɗan tayi, ita ce kuma ke cinye wutsiyar talibambam. Idan ta ƙi aukuwa, ƙwayar da ta lalace kan ci gaba da hayayyafa har ta zama sankara. A kan wannan aiki ne aka ba Horvitz da Brenner da Sulston lambar yabo ta Nobel a 2002.